Babi na Shida: Gashin Talo-talo a Bakin Ƙugiya

Idan rani ya yi a arewacin Kano, wahalar mai fatsa tun daga neman koto take farawa. Tana ta nutse can cikin ƙasa, jigawa ta bushe ƙamas, sai yaro ya yi ta tono a bakin rijiya ko gindin randa ko magudanar ruwan wanka kafin ya haɗa abin da zai rufe gindin gwangwani. Shinge ba ya fita sai ruwan farko ya sauka. Hanjin kaza kuwa sai ranar da aka yi yanka. To, a daidai wannan lokacin ne ruwan dam yake kwanciya, jan da damina ta kwaso daga gonaki ya lafa, har mai tsayuwa a gaɓa ya riƙa hango yashin ƙasa. Ƙarancin koto da washewar ruwa tare suke zuwa, kuma akwai wani irin koto da ya dace da wannan haɗuwa: ba a tono shi, ba ya ruɓewa, ba shi da ƙamshi ko wari, kuma ba ya aiki sai inda kifi yake iya gani.

Mutanen Kunci manoma ne tun kaka da kakanni. Gero da dawa da gyaɗa da wake su ne abin da suka gada, su kuwa koguna a wannan yanki na damina ne, su cika su tumbatsa a watan Agusta, kafin tsakiyar rani sun koma rairayi. Abin da ya sauya wannan shi ne aikin madatsun ruwa da gwamnatin Audu Bako ta ɗauko, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. An kammala Tiga a 1974, sauran suka biyo baya, har da Tomas da Watari da kuma dam ɗin Gari, wanda aka gama a wajajen 1980. Shi ne ya ajiye wa wannan yanki, wanda gwamnatin jiha ta sauya wa ƙaramar hukumarsa suna daga Kunci zuwa Ghari a 2024, ruwan da ba ya ƙafewa duk shekara. Daga nan ake ban-ruwan lambuna har zuwa ɓangaren Kazaure a Jigawa. Masunta na gado suna nan da kwalekwale da kalli da birgi da mamari, kuma wannan babi ba domin ya koya musu sana'arsu aka rubuta shi ba. Da manomi nake magana, da ɗan makaranta, da mai lambun da ya kunna injin ban-ruwa ya zauna jira, wanda duk burinsa ya koma gida da abin da zai gyara miyar dare.

Kifin da ba mu da shi

A Amurka akwai wani kifin ruwan daɗi da suke kira kirafi. Faffaɗa ne irin karfasa, yawancinsa bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba, kuma yawanci ba ya wuce rabin kilo. Iri biyu ne, fari da baƙi. Farin da ya fi kowanne nauyi a rajistar masu fatsa wani mai suna Fred Bright ne ya kama shi a dam ɗin Enid da ke Jihar Misisifi a 1957, nauyinsa kilo 2.35, kuma har yau ba a doke shi ba. Kifi ne mai yawo garke-garke, mai son laɓewa a cikin rassan itatuwan da ruwa ya cinye, yana cin ƙananan kifaye da ƙwarin ruwa. Idanunsa manya ne, kuma abin da ke samansa yake kai wa bara, ba kasafai yake sunkuyawa ya ɗauki abin da ke ƙasa da shi ba. Fatar bakinsa siririya ce ƙwarai, fizga ɗaya mai ƙarfi ta isa ta yage ta.

Babu wannan kifi a Gari, babu shi a Tiga, babu shi a Kainji. Abin da ya sa ya shigo wannan littafi shi ne kayan da aka daɗe ana kama shi da su. Ƙugiya ce ƙarama wadda aka yi wa ɗan kai mai nauyi a kusa da idonta, aka naɗe jikinta da zare mai gashi-gashi, sannan aka ɗaura mata wutsiya ta lallausan gashin tsuntsu. Su suna ce mata marabu jig. Mu a nan bari mu ce mata ƙugiya mai gashi. Asalin gashin na babba-da-jaka ne, tsuntsun nan namu na Afirka mai tsayuwa a kan juji da bakin mayanka, wanda a ƙarni na 19 ake kwasar lallausan gashin ƙarƙashin wutsiyarsa zuwa Turai don ado a hulunan mata. Yanzu sunan ne kawai ya rage. Gashin da ake sayarwa a shagunan kayan fatsa na farin talo-talo ne da aka rina.

Dabarar ma ta girmi Amurka nesa ba kusa ba. Wani marubucin Rum mai suna Eliyanus, wanda ya rayu a wajajen shekara ta 200 miladiyya, ya ba da labarin masuntan ƙasar Masedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su haɗa da gashin zakara guda biyu, su kama kifi da shi. Ke nan shekaru kusan 1,800 da suka wuce akwai wanda ya gane cewa ana iya ruɗin kifi ta ido kawai.

Me ya sa lallausan gashi, ba roba ko ƙarfe ba? Saboda ba ya tsayawa cik. Idan ka tsoma shi a ruwa ka riƙe hannunka bai motsa ba, zirin gashin zai ci gaba da buɗewa yana rufewa, kamar mayafin da aka shanya a igiya iska tana ɗan taɓa shi. Ɗan rawar da hannun mutum yake yi ba da saninsa ba, da ɗan kaɗawar ruwa, sun ishe shi. Idan ka ja shi sai ya tsuke ya yi siffar ɗan kifi, idan ka sassauta sai ya baje ya yi siffar ƙwaro. Koton roba sai an ja shi yake rayuwa. Wannan kuwa a tsaye ma yana aiki, shi ya sa ya fi kowanne amfani ranar da sanyi ya kashe wa kifi jiki ba ya son bin abu da gudu.

Wanne kifi ne zai kula ka?

A nan ya kamata a yi magana tsakani da Allah, don kada wani ya fige talo-talon matarsa a banza. Tarwaɗa ba da ido take farauta ba. Idanunta ƙanana ne, da gashin bakinta take lalube, ƙamshi take bi, kuma cikin dare da cikin taɓo ta fi walwala. Takan cafki gashi jifa-jifa idan ya ratsa ta gaban bakinta, amma wanda ya fito neman tarwaɗa ya ci gaba da tana da hanjin kaza da guntun sabulu. Haka ƙurungu, haka gaiwa.

Kawara ce kan gaba a masu amsawa. Tana yawo a saman ruwa cikin garke, tana cin ƙwarin da suka faɗo, kuma ba ta dogon nazari. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin dangin karfasa mai baƙaƙen ɗigo biyar jere a gefensa, wanda ƙananan kifaye ne abincinsa, shi ma ba ya barin gashi ya wuce. A manyan ruwaye irin su Kainji da Neja da Binuwai, 'ya'yan giwan ruwa suna ɗauka, tsage ma yana ɗauka, sai dai shi tsage da haƙoransa yake gaisuwa: ya datse zaren, ya tafi da ƙugiyar, in ma ka ci sa'a ka fito da shi to gashin ya zama tsumma. Wanda zai nufi tsage sai ya sa ɗan tsawon siririyar waya tsakanin zare da ƙugiya.

Karfasa, wadda ita ce ta fi yawa a madatsunmu, al'amarinta tsaka-tsaki ne. Babbar karfasa gansakuka da ciyawar ruwa ne yawancin abincinta, don haka ba kullum take sha'awar abu mai kama da ɗan kifi ba. Amma tana tsintar tsutsar sauro da ƙananan ƙwari, kuma ƙugiya mai gashi idan ta yi ƙanƙanta sosai takan ɗauka. Idan aka soka ɗan guntun tana a tsinin ƙugiyar, abin da bai kai rabin gaɓar yatsa ba, sai a haɗa ido da hanci. Tana guda ɗaya da a da take tafiya a jifa biyu sai ta ishe ka wuni. Masu kirafi ma haka suke yi ranar da kifi ya yi taurin kai, su maƙala ɗan ƙaramin kifi mai rai a bayan gashin.

Nauyi kafin launi

Wanda ya fara shiga wannan harka launi yake fara tambaya. Nauyi ya kamata ya fara tambaya, domin nauyi ne ke yanke saurin nutsewa, kuma yawancin cafka a lokacin nutsewa take faruwa. A Amurka nauyi uku ne suka fi yawo a akwatin masu kirafi: kashi ɗaya cikin 32 na oza, wato ƙasa da giram 1 kaɗan, kashi ɗaya cikin 16, kusan giram 2, da kashi ɗaya cikin 8, wato giram 3.5. Na tsakiyar shi ne na yau da kullum. Ƙiyasin da suke aiki da shi shi ne yana nutsewa kusan ƙafa ɗaya a kowace daƙiƙa, ko da yake kaurin zare da yawan gashi suna ƙara wa abin ko su rage. Mai nauyin sai ruwa mai zurfi, ko ranar da iskar hunturu take kwashe zare ta yi baka da shi.

Ga kawara da karfasa, mafi sauƙin nauyi shi ya fi, har ma ƙasa da giram 1. Bakinsu ƙarami ne. Lambar ƙugiya kuwa a juye take: idan lamba ta ƙaru, ƙugiya ta ƙanƙance. Masu kirafi suna amfani da lamba 6 zuwa 2. Kai nemi 10 ko 12. Ka zaɓi mai siririn ƙarfe, don idan ta maƙale a reshe, ja a hankali sai ta miƙe ta fito, ka mayar da ita da filaya. Mai kauri idan ta maƙale sai dai ka yi mata sallama.

Zare ma ya zama siriri, farin nailan wanda ruwa ke ɓoyewa. Yara da yawa suna ɗaura ƙugiya a zaren da zai iya jan akuya, wai don kada babban kifi ya tsinke. Da tana a ruwa mai laka wannan ba ya hana komai. Da gashi a ruwa mai haske yana ɓata abu biyu: yana riƙe ƙugiyar ta kasa nutsewa yadda ya kamata, sannan kifi yana ganinsa. Da ma Bahaushe ya ce kifi na ganin ka, mai jar koma. Don haka ne ma mai wannan fatsa ba ya tsayawa ƙerere da farar riga a bakin gaɓa, ba ya barin inuwarsa ta faɗa kan ruwan da yake nufi, ba ya buga ƙafa.

Sai launi. Kamfanoni suna fitar da kala-kala da ba su ƙirguwa, ni kuwa a ganina uku sun wadatar. Fari don ruwa mai haske da rana tsaka, domin yawancin 'ya'yan kifi farin ciki gare su. Baƙi don asuba da almuru da ruwan da ya ɗan yi duhu, saboda kifin da ke kallo daga ƙasa inuwar abu yake gani, kuma baƙi ya fi fitar da inuwa. Na uku ruwan ɗorawa mai haske, ko mai sirkin tsanwa, don ruwan da bai gama kwanciya ba. Farin gashi da baƙi Allah ya riga ya rina su a jikin tsuntsu. Na ɗorawa kuwa galurar da ake sayarwa a kasuwa ta isa: ruwan ɗumi, ɗan ruwan tsami na lemo, a tsoma, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Idan ruwa ya koma ja wur irin na Yuli da Agusta, babu launin da zai cece ka. Ajiye gashi, ƙasa ta jiƙe, tana ta dawo.

Ɗaurawa da hannunka

A jikin talo-talo, gashin da ake so yana cinyoyi da ciki da ƙarƙashin wutsiya. Za ka gane shi: zirinsa ba ya manne da juna, idan ka hura masa iska sai duk ya tashi. Kaza ma tana da irinsa a wuraren nan, gajere ne dai, kuma gajartarsa ta dace da ƙananan ƙugiyoyin da muke magana. Wanda ba ya kiwo ya biya wajen masu fige kaji ranar kasuwa, a Shuwaki ko Bichi ko Ɗambatta, ya roƙi a cire masa kaɗan a bushe kafin a tsoma kazar a tafasasshen ruwa. Gashin agwagwa yana da maiƙo, ruwa ba ya ratsa shi da sauri, bai dace da wutsiya ba. Na zabo yana da tauri, amma ɗigo-ɗigonsa yana kyau idan aka zagaya ziri kaɗan a wuya ya yi kamar ƙafafun ƙwaro. Gashin tsuntsun da ya mutu da ciwo kuwa kada a taɓa shi. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a 2006, ta faro daga Jihar Kaduna ta shigo Kano, ba ta daina leƙowa ba.

Ka wanke gashin da sabulu, ka bar shi ya bushe. Ka soka ƙugiya a jikin totuwa ko ka danne ta da filaya. Ka naɗa zaren ɗinki a jikinta tun daga ido har inda ta fara lanƙwasa. Ka tsinko gashi abin da yatsu biyu za su tsunkula, ka ɗora a bayan ƙugiyar, ka ɗaure gam. Tsawon wutsiya kada ya wuce tsawon ƙugiyar kanta. A nan ne kowa yake zarce gona da iri: a cusa gashi fal, a bar shi zalalo, sai kifi ya riƙa cizon wutsiya yana barin tsini, mai fatsa yana fizgar iska. Idan ta yi tsawo, da farce za ka tsinke bakin, almakashi yana mayar da shi tsaf-tsaf ya kashe masa rawa. Jikin kuma ka naɗe shi da zaren saƙar hula ko ulu, ka ƙulle, ka ɗiga jan farce ko gam a ƙullin. Kafin ka yanke hukunci a kan aikinka, tsoma shi a kwanon ruwa. Siffarsa a jiƙe ita ce kifi zai gani.

Saura nauyi, kuma a nan zan ja kunne. Kan da ake yi wa irin wannan ƙugiya a masana'anta na dalma ne, kuma masu birgi a ƙasar nan sun saba narka dalmar tsohon batir su yi wa bakin raga nauyi. Kada a yi wannan a tsakar gida, kada a yi shi a tukunya ko cokalin da zai koma madafa, kada a bar yaro ya matse dalma da haƙori. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta kashe yara fiye da 400, har sai da ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa ta shigo. Ingila ma tun 1987 ta hana amfani da yawancin ƙananan nauyin dalma wajen fatsa, saboda tsuntsayen ruwa suna haɗiye su suna mutuwa. Abin da ƙugiya lamba 10 take buƙata bai taka kara ya karya ba. Siririyar wayar jan ƙarfe daga tsohon koyil ɗin fanka ko janareto, a naɗa ta sau da yawa a kusa da ido kafin a sa gashi, ta isa. Ko a zura dutsen ado na gilashi ko na ƙarfe ta tsinin ƙugiyar a tura shi har wuya.

Abu na ƙarshe a ɗauri shi ne yadda take ratayuwa. Ɗan kifi a kwance yake iyo. Idan ƙugiyarka ta rataya kai sama wutsiya ƙasa, ba ta yi kama da komai ba. Ka matsar da ƙullin zaren zuwa saman idon ƙugiyar har ta kwanta, kuma ka duba shi bayan kowane kamu, domin jan kifi yana zamar da shi.

A bakin ruwa

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda kowa ya riga ya sani: doguwar sandar gora, zare daidai tsawonta, da ɗan abin yawo a sama, totuwar kara ko guntun tsohon silifa. Har yau a kudancin Amurka akwai masu kirafi da ke amfani da sandar da ta kai ƙafa 10 zuwa 14, babu jifa, sai dai su miƙa ta su sauke gashi a tsakanin rassa. Ka sauke a hankali, ka bar ta ta tsaya. Ka ƙirga goma a zuciyarka. Ka ɗaga bakin sanda abin da bai wuce faɗin yatsu uku ba, ka mayar. Shi ke nan. Yawancin masu farawa rawa suke sa ta yi ba ƙaƙƙautawa, alhali gashin yana yin aikinsa ko ba a taimaka masa ba. Idan akwai ɗan kaɗawar ruwa, totuwar da kanta za ta riƙa girgiza shi.

Zurfi shi ne abin nema. Ka fara daga sama, ƙafa biyu, sannan uku, sannan huɗu, kana matsar da totuwa, har ka sami inda suke. Gara gashin ya kasance sama da kifi kaɗan da ya kasance ƙasa da shi. Mai na'urar naɗe zare kuwa ya jefa, ya ƙirga daƙiƙu yayin da take nutsewa, ya naɗo a hankali. Idan aka taɓa a ƙirge na biyar, to ya riƙe biyar ɗin nan.

Cafkar ba irin ta tana ba ce. Kifi yana tauna tana ya yi gaba da ita, totuwa ta nutse, kowa ya gani. Gashi kuwa da ya ji ba nama ba ne zai tofar, kuma tsakanin ɗauka da tofarwa bai fi ƙiftawar ido ba. Wani lokaci ma idan ya ɗauka daga ƙasa ya taso, totuwar kwanciya za ta yi a kan ruwa, ko zare ya yi sako-sako ba dalili. Duk abin da ka gani wanda ba ka saba gani ba, ɗaga sanda. Ɗagawa na ce, da wuyan hannu, ba fizgar da za ta wurga kifi kan bishiya ba.

Wurin nema kuwa shi ne duk inda ƙaramin abu zai ɓuya: kututturen da ruwa ya cinye, gefen kachala, duwatsun jikin bangon dam, inuwar kwalekwalen da aka ɗaure, bakin magudanar ban-ruwa. Amurkawa har tarin rassa suke ɗaurewa da dutse su nutsar, su dawo bayan makonni su tarar kifi ya tare. Ba su kaɗai ba ne. A tafkin Nokuwe da ke kusa da Kwatano a Jamhuriyar Benin, masunta sun daɗe suna kafa gonakin rassa a cikin ruwa, waɗanda suke kira akaja, karfasa tana taruwa tana hayayyafa a ciki. Sai dai kada wani ya karanta wannan ya kwashi ƙayar bagaruwa ya zuba a Gari a kan gaban kansa. Akwai masu shimfiɗa kalli da jan taru a wurin, ragarsu jarinsu ce, kuma ruwa yana da shugabanni. A fara sallama da sarkin ruwa, ya nuna inda ba hanyar raga ba.

Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar zuwa almuru. A tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, sanyi yana sa karfasa ta yi lamo a zurfi, sai rana ta ɗaga ruwa ya ɗan ɗumama take motsi, don haka ba dole ba ne a yi sammako. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa saukar ruwan farko kifi yana da kuzari, ruwa ya ja baya ya tattara su, tana kuma ta yi wuyar samu. Waɗannan watanni su ne kakar ƙugiya mai gashi.

A cikinsu ne kuma za ka ci karo da wata jarrabawa. Idan zafi ya shigo, za ka ga ramuka zagayayyu a yashin gefen ruwa, da karfasa tana tsaye a kai. Sheƙa ce. Wani irin karfasa uwa da uba ne ke gadin ƙwai a ramin, wani irin kuma uwar ce ke ɗauke da ƙwai da 'ya'ya a cikin bakinta. Mai gadin sheƙa zai kai wa gashinka bara ko ba ya jin yunwa, don ya kore shi, kuma kamun yana da sauƙi har ya ba da kunya. Ka cire shi daga wurin, ƙwan ya zama abincin wasu kafin azahar. A tafkin Girinada na Misisifi doka ce duk kirafin da bai wuce inci 12 ba, wato santimita 30, a mayar da shi ruwa, kuma wannan yana cikin abin da ya sa ake zuwa can daga nesa neman manya. Ƙugiya tana da wannan fifiko a kan gidan sauron da wasu ke jan ruwa da shi, da gubar Gamalin da marasa tsoron Allah ke zubawa: kifi ɗaya take kamawa, da ransa, ka dube shi, ka ga dama ka sake shi. Mai ƙwai a baki da mai gadin rami, a sake su.

Wata riba da ba a cika lissafawa ba ita ce doguwar sanda tana barin mutum a kan tudu. Ruwan gefen dam da na magudanan ban-ruwa, inda ciyawa take, nan ne mazaunin ƙananan dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma ta fata take shiga. Yaron da ke fatsa daga gaɓa ya fi wanda ke tsunduma har ƙugu tsira. Wanda ya riga ya fara ganin jini a fitsari a kai shi asibiti, akwai maganinta, kuma ba alamar balaga ba ce kamar yadda ake faɗa a wasu ƙauyuka.

Kada kowa ya sa ran wannan fatsa za ta ciyar da gida yadda kalli ke yi. Kamun cefane ce, wani wunin a samu na miya har da na maƙwabta, wani wunin a dawo da sanda kawai. Amma jarinta ƙugiya ce ta 'yan nairori, da zaren tela, da gashin da ake sharewa a zubar. Idan ka tashi daga ruwa kada ka rufe ta a jiƙe cikin gwangwani, ƙarfen zai yi tsatsa gashin ya dunƙule. Soka ta a jikin hula ta bushe a hanya, a gida kuma ka ajiye ta da busasshen ganyen darbejiya saboda asu. Ka ɗaura guda shida kafin ka fita, fari biyu, baƙi biyu, ɗorawa biyu, domin ranar farko rassa za su karɓi rabonsu.